Akwatin da Ke Riƙe da Ruwan Garinmu: Jawabin Kwamitin Ayyuka a Babban Taron Shekara



Duk wanda ke zauren nan ya san irin kuɗin da muka tara kafin mu haƙa rijiyar burtsatse, muka ɗora tanki, muka kuma kafa injin niƙa da na cashe shinkafa. Ya kuma san cewa sau biyu ke nan ana aiko mana da saƙon famfo ya ƙone, mu sake karo-karo, iyayenmu mata su koma rafi har a gyara. Da muka bincika, sai muka tarar cewa cutar ta faro ne daga akwatin ƙarfen nan da ke jingine a ɗakin inji, wanda ba a buɗe shi sai ranar da aka shiga uku.

Wannan akwati shi ke karɓar wuta mai layi uku, ta kusan bolt 415, ya raba wa kowane injin lantarki, wato moto. A cikinsa akwai bireka da fiyus masu yanke wuta idan waya ta haɗu, da kwantakta mai kunnawa da kashewa, da na'urar obalodi wadda ke tsayar da moto idan ya ja wuta fiye da ƙima. Irinsa ne manyan masana'antu ke jerawa su ɗaukar masa ma'aikata. Namu ƙarami ne, amma ƙa'idar guda ce.

Maƙiyansa sanannu ne. Ƙurar hunturu takan kwanta a kan na'urori ta hana su shan iska, damina ta zo ta jiƙa ta, wuta ta samu hanyar tsallakawa. Girgizar inji takan sassauta kusoshin waya, sassautaccen wuri kuwa zafi yake yi har ya ƙone. Idan layi ɗaya ya katse, moto ya ci gaba da juyawa da biyu, naɗinsa kan toye. Masana sun ƙiyasta cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 a kan ƙa'ida yana rage rabin rayuwar rufin wayar naɗi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to mu gawar ƙadangaren muka gani a tsakanin layi biyu, domin an bar ramin waya a buɗe.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne an tsallake na'urar obalodi da guntuwar waya saboda tana yawan yanke wuta. Yankewar nan gargaɗi ce, kuma wanda ya toshe bakin mai gargaɗi ya shirya biyan kuɗin naɗi.

Saboda haka muna ba da shawara kamar haka. Kowane wata a duba akwatin, a saurari ƙara, a shinshina ƙauri, a auna wutar da kowane layi ke ja, a rubuta a littafi. Bayan hunturu, kafin ruwan farko, a share ƙura, a ɗaure kusoshi, a toshe ramuka. Sau ɗaya a shekara ƙwararre ya gwada obalodi, ya auna lafiyar rufin wayar moto. Kada kowa ya sa hannu a ciki sai ya kashe babban makunni, ya sa masa kwaɗo, ya riƙe mabuɗin a aljihunsa, ya kuma gwada ya tabbatar babu wuta, domin wannan maganar rai ce.

Roƙonmu ga wannan taro biyu ne: a ware wani kaso na kuɗin shekara musamman domin kulawa, kuma a zaɓi samari biyu mazauna gida mu koya musu aikin. Muna fata a yanke shawara a kai kafin a tashi. Allah ya maida kowa gidansa lafiya.