FUREN BAKIN FADAMA DA ƘUDAN ZUMA: ABOKAN MAI GARKA

Jawabi ne na lokacin noman rani. A karanta shi a makarantun yaƙi da jahilci, sa'an nan a yi shawara a kansa.



Damina ta wuce, an kai hatsi rumbu. Yanzu hankali ya koma fadama. A Gulbin Maradi da Korama, a bakin tabkin Madarunfa da na Tabalak, a Galmi da Miriya, ko'ina ana shinge, ana yasar rijiya, ana tada fangali.

Akwai wani kuka da masu garka ke yi. Mutum ya shuka kabewa ko kankana. Ya zuba taki, ya yi ban ruwa safe da marece. Yaɗo ya yi kyau, fure ya fito gwanin sha'awa. Amma ƴaƴan da sun kai kamar ƙwan zabuwa sai su yi rawaya, su faɗi. Wanda ya tsaya kuma ya fito a karkace. Wani ya ce iri ne ba shi da kyau. Wani ya ce baki ne. Gaskiya ne, akwai ƙudan da ke huda ƴaƴa ya ɓata su. Amma sau da yawa garkar ma'aikaci ɗaya ta rasa, shi ne ƙudan zuma.

YADDA FURE KE ZAMA ƊA

Kowane manomi ya san bununin hatsi. In bununi bai zuba ba, zangarniya ba ta yin ƙwaya. Masu dabino kuma sun san sai an ɗebo furen namiji an ɗaura wa macen, kana ta yi ƴaƴan kirki. Haka Allah ya yi tsiro. Sai garin furen namiji ya sadu da mace.

Hatsi da dawa da masara, iska ce ke ɗaukar masu garin. Gyaɗa da wake, galibi furensu shi ke yi wa kansa aikin. Amma kabewa da kankana da guna da duma ba haka suke ba. Fure iri 2 gare su a yaɗo guda. Namiji yana da siririn wuya. Mace tana da ɗan ƙullutu a gindinta, shi ne zai zama ɗa. Garin yana da nauyi da danƙo, iska ba ta iya ɗaukarsa. Sai ƙwaro ya shiga namiji neman ruwan zaƙi, garin ya manne masa a jiki, ya fito ya shiga mace.

Lokacin kuwa gajere ne. Furen kabewa da asuba yake buɗewa. Kafin rana ta take ya rufe, ba ya sake buɗewa. In zuma ba ta zo da safen nan ba, wannan ɗa ya tafi ke nan. In ta zo sau ɗaya tak, garin bai isa ba, ɗan sai ya fito a karkace.

Mai fidda irin albasa shi ma ya dogara ga ƙwari. Kan albasa in ya yi fure, ƙananan furanni ne masu yawa a dunƙule. Zuma da ƙudaje ne ke yawo bisansu. In babu su, sai a sussuke kan a tarar da iri kaɗan. Mangwaro ma haka, riɗi da auduga kuma suna ƙara yabanya in zuma na zuwa.

A shekara ta 2016, masana na ƙasashe da yawa sun fidda wani rahoto. Sun ce cikin kowane iri 4 na manyan amfanin gona na duniya, kamar 3 suna ƙaruwa da aikin ƙwari da tsuntsaye da jemagu. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe ranar 20 ga watan Mayu ta zama ranar ƙudan zuma, an fara bikinta a 2018.

LABARIN WANI FURE NA AMURKA

Matsalar ƙarancin zuma ba ta Nijar kaɗai ba ce. A ƙasar Amurka, a shekara ta 2006, masu kiwon zuma suka fara tarar da amyoyinsu fayau, zuma ta watse. Can kuwa manoman kankana kuɗi suke biya a kawo masu amya a ajiye bakin gona lokacin fure. Sai hankalin mutane ya ƙara komawa ga furannin daji waɗanda da ake yankewa a zubar.

A kudu maso gabashin Amurka akwai wata jiha, sunanta Fulorida. Ƙasa ce mai zafi, mai fadamu da yawa, ana noman lemo da kankana. A cikin fadamunta da kwalbatocin bakin hanya akwai wani fure da ke fitowa da kansa. Masana na ce masa Koriyofsis. Sunan daga harshen Girka ya fito, ma'anarsa mai kama da kuɗin-cizo. Mutanen ƙasar kuma suna kiransa da sunan kaska, don irinsa ɗan ƙarami ne, baƙi-baƙi, mai faɗi kamar kaska. Kamar ce kawai, ba ya cizo, ba ya kawo cuta.

Tsironsa siriri ne, tsawonsa daga gwiwa zuwa ƙugu. Furen rawaya ne, tsakiyarsa ƙasa-ƙasa mai duhu. Wannan tsakiya, in an duba da kyau, ƙananan furanni ne a jere. Ba su da zurfi, ko ƙaramin ƙwaro yana iya kai bakinsa. Zuma na zuwa, malam-buɗe-littafi na zuwa, in iri ya nuna tsuntsaye su ci. Yana daɗewa yana fure cikin shekara. Yana zubar da irinsa, baɗi ya sake fitowa ba sai an shuka ba. Dangin shuwaka ne da salati, gidansu ɗaya.

A shekara ta 1991 hukumar Fulorida ta ɗauki Koriyofsis ya zama furen daji na jihar. Ana shuka shi a gefen manyan hanyoyi. Mutane kuma suna keɓe wani ɗan wuri a gida ko a makaranta, inda ruwa ke kwanciya, su watsa irinsa bisa ƙasa, su danna, ba su binne shi ba. Wannan wuri ba don tukunya aka yi shi ba. Garka ce ta ƙwari masu amfani. Ba a fesa mata magani.

Me ya sa suka zaɓi wannan fure, ga furannin kwalliya na wasu ƙasashe cike da kasuwa? Don ɗan ƙasa ne. Ya saba da ruwan wurin da zafin wurin. Ƙwarin wurin sun san shi tun kaka da kakanni.

ABIN KOYI A NAN

Kada wani ya ji wannan labari ya ce bari a kawo irin furen nan Nijar. Ba shi ne darasin ba. Ruwan saman Fulorida ya ninka na Maradi fiye da sau 2. Kuma baƙon tsiro yana da haɗari. Masuntan kogin Kwara a Yamai sun san wata irin kainuwa mai kyakkyawan fure shuɗi-shuɗi. Asalinta Amurka ta Kudu. Don kyanta aka yi ta yawo da ita ƙasa-ƙasa. Ta shiga kogi ta toshe hanyar jirage, ta hana jefa taru.

Darasin shi ne, kowace ƙasa ta riƙe nata. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Fadamun Nijar ba su rasa furanninsu ba. Bado yana cikin tabki. Bagaruwa tana bakin ruwa da furenta rawaya mai ƙamshi. Magarya tana fure wajen ƙarshen damina, zuma ta yi ta kuka a kanta. Gawo kuwa ya fi su dabara: yana fure da kaka ta shiga, lokacin da ciyawa ta bushe, zuma ba ta da wani abinci. Ga sabara da geza da dakwara. Cikin garka kuma ga gasaya da ɗaɗɗoya da shuwaka da yakuwa da kuɓewa, ana ci, zuma ma na samu.

Zuma ba ta cin abinci wata 2 ta yi azumin wata 10. In ana so ta zo ranar da kabewa ta yi fure, sai ta sami abin da zai riƙe ta kusa duk shekara. Kuma ba zumar amya kaɗai ke aikin ba. A duniya akwai irin ƙudan zuma fiye da 20,000. Mafi yawansu ba su yin zumar sha, ba su zaman taro. Cikin ƙasa suke gina ɗan rami, ko cikin busasshen kara. Galla ma tana cikin masu aikin.

ABIN DA MAI GARKA ZAI YI

1. Ya bar wani ɗan zirin ƙasa a gefen shinge ko bakin rijiya, faɗin taki 1 ko 2. Kada ya nome shi, kada ya ƙone shi. Ya bar gasaya da ɗaɗɗoya da sauran masu fure su kai ga yin iri.

2. In zai yi shinge, ya sa itace mai rai kamar magarya ko bagaruwa. Wajen sassabe kuma ya bar ƴan gawo su tashi, yadda manoman jihar Maradi suka saba tun bayan farin 1984.

3. Kada ya fesa maganin ƙwari bisa tsiron da ke cikin fure. Magani bai san aboki da maƙiyi ba. In ya zama dole, ya nemi shawarar malamin gona, ya bari sai marece lis, bayan zuma ta koma gida. Kada ya fesa ranar iska. Kada ya wanke famfon feshi a bakin tabki.

4. Ya ajiye ɗan kasko da ruwa a inuwa, ya jefa tsakuwa ko karare a ciki, don zuma ta sha ba ta nutse ba.

5. Mai amya ya ɗebi zuma da hayaƙi, ba da harshen wuta ba. Ya bar masu wani abu a ciki. Wanda ya ƙone zuma ya sha ta bana, ya rasa ta baɗi, ya kuma cuci maƙwabcinsa mai kankana.

6. In ya duba da safe bai ga zuma ba, ya yi aikin da hannunsa. Ya tsinki furen kabewa namiji da sassafe, ya cire masa ganyen furen, ya shafa tsinken tsakiya a cikin furen mace a hankali. Yara da mata ma suna iya yi.

Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne. Zuma ba ta san iyakar garka ba. In mutum 9 sun kiyaye, na 10 ya fesa magani da hantsi, duka za a yi asara. Don haka ya kamata masu garka na kowace fadama su zauna da mai gari da malamin gona su tsai da magana ɗaya.

TAMBAYOYI DON SHAWARA

Waɗanne itatuwa da ciyayi ne zuma ta fi so a wannan gari, kuma a wane wata suke fure? Wane wata ne babu fure ko kaɗan? Me za a shuka don a cike wannan giɓi? Kowane ɗalibi ya rubuta sunaye 5 a littafinsa, ya kawo aji.

Allah ya ba da albarkar noman rani, ya kai kowa baɗi lafiya. Amin.