Batirin mota ba shi mutuwa sai ya yi sallama

Jawabi domin karantawa a wuraren yaƙi da jahilci na ƙasar Kurfai

 

Zancen yau na mota ne. Wani shina iya cewa: "Ni da ko jaki ban da shi, ina ruwana da mota?" To, amma mota ce ke kai wakenshi kasuwa. Mota ce ke kai ragunanshi Ballayara ran Lahadi. In haihuwa ta yi ma matarshi gardama cikin dare, mota ce za ta kai ta asibitin Filinge. Kuma a cikin masu sauraren wannan jawabi akwai direbobi, akwai yaran mota, akwai waɗanda sunka haɗa kuɗɗi sunka sayi mota ta ƙungiya. Duk waɗannan, ran da mota ta ƙi tashi, tare su ke kwana bakin hanya.

Daga Filinge zuwa Yamai wajen kilomita 180 ne. A ɗauki misalin direba da ya yi lodin tumaki da sassafe. Ya wuce Bonkuku, ya tsaya shan ruwa, ya kashe mota. Da ya dawo ya murɗa makulli, sai ya ji "ƙas, ƙas", babu komi. Rana ta take. Dabbobi suna haki a cunkushe. Kasuwa tana ci, ba da shi ba. In an tambaye shi, sai shi ce batir ne ya mutu farat ɗaya. Ba gaskiya ba ne. Batirin ya yi wata biyu ko ukku shina yi mishi sallama, shi ne bai amsa ba.

Mine ne a cikin batir?

Batir akwati ne mai ɗaki shidda. A kowane ɗaki akwai faifayen dalma da anka jiƙa cikin ruwa mai guba, wanda a ke kira ruwan batir. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙago shi a shekara ta 1859, kuma har yau dabarar ba ta sake sosai ba. Ƙarfin wuta da bolt a ke auna shi. Kowane ɗaki shina ba da bolt 2 da ɗan ɗori. In an haɗa shidda, cikakken batir shina nuna bolt 12,6. Babban aikinshi shi ne juya inji har shi tashi. Bayan inji ya tashi, dinamo ne ke maida mishi wutar da ya kashe.

Maƙiyin batir na farko zafi ne. A ƙasashen sanyi batir shina yin shekara 4 ko 5. A wuri kamar Kurfai, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, wanda ya samu shekara 2 ko 3 sai shi gode ma Allah. Zafi shina shanye ruwan, shina cin dalmar a hankali. Amma ba lallai a gane ba da bazara, domin inji mai ɗumi ba shi da wuyar tashi. Sai hunturu ya shigo, cikin Disamba ko Janairu, man inji ya yi kauri da asuba, sannan asiri shi tonu. Sai a ce sanyi ne ya kashe batir, alhali tun bazara anka yi mishi lahani.

Maƙiyi na biyu hanya ce. Wanda ya bar kwalta ya shiga jan ƙasa mai gargada ya san yadda haƙoranshi ke kaɗawa. Haka faifayen cikin batir su ke. In ba a ɗaure shi da ƙarfenshi ba, sai da tsohuwar igiya ko roba, to shina tsalle a wurin zamanshi har faifayen su farfashe. Maƙiyi na ukku zama ne. Motar da anka aje tun farkon damana ba a tada ta ba, batirinta shina tsiyayewa shi kaɗai, kuma in ya daɗe wofi ba shi ƙara ɗaukar wuta kamar da.

Yadda batir ke sallama

Kunne ne ke fara ji. Direban da ya san motarshi ya san muryarta da safe. In ta fara juyawa da nauyi, kamar tsoho zai miƙe daga tabarma, wannan sallama ce ta farko. Ido kuma shina gani: fitilu suna dusashewa in an murɗa makulli, ko suna ja-ja in inji shina kwance, su yi haske in an taka mai. Sai a buɗe gaban mota a duba akwatin. In gefenshi ya kumbura, ko ya tsage, ko shina warin ruɓaɓɓen ƙwai, babu sauran shawara, a canza shi.

Amma kada a yi gaggawa. Sau da yawa ba batir ne mai laifi ba. Farin gari ko shuɗi da ke taruwa a kawunan batir shina tare wuta. A kwance, a kankare, a ɗaure da kyau, wata sa'a shi ke nan an gama. In kuwa dinamo ba shi aiki, ko bel ɗinshi ya saki, ko sabon batir anka sa kwana kaɗan zai yi shi kwanta. Mutane da yawa sun yi asarar kuɗɗin batir a banza saboda wannan.

Ga inda karatu ke da rana. Makanikai masu aikin wutar mota suna da ɗan ma'auni mai nuna lamba. Wanda ya iya karanta lamba ba shi buƙatar a gaya mishi, da idonshi zai gani. A bar mota ta huta awa da dama, sannan a auna. In an ga 12,6, batir cike shi ke. In an ga 12,2, rabi ne ya saura. In 12 ne ko ƙasa da haka, ya kusa wofi. Sannan wani shi murɗa makulli, wani shi dubi ma'auni: in lamba ta faɗi ƙasa da 9,6, batir ya gaji. In inji ya tashi, ya kamata a ga wajen 14. In ba a gani ba, a nemi laifin wajen dinamo. Batirin da anka cika da maraice, da safe anka iske ya sake sauka ba tare da an kunna komi ba, wannan tulu ne mai yoyo.

Akwai wata tsohuwar dabara ta cire kan batir inji shina aiki, wai don a gane ko dinamo lafiya lau ne. A daina. A motocin yanzu wannan shina iya ƙona kwamfutar mota, kuma kuɗɗinta sun fi na batir nesa ba kusa ba.

Motoci masu batir biyu

Yanzu an fara ƙera wasu motocin ɗaukar kaya masu ɗan taimakon lantarki. Ba motar lantarki ba ce, mai ta ke sha kamar kowace. Amma an sa mata batir na biyu mai bolt 48, da wani ɗan inji na lantarki a madadin dinamo. In direba ya ɗaga ƙafa ko ya taka birki, ɗan injin shina tara wuta. In za a tashi, shina ɗan tura babban inji. In mota ta tsaya, inji shina mutuwa da kanshi, shi sake tashi in an saki birki, don kada mai shi ƙone a banza. A Amurka motar Ram 1500 ta fito da wannan dabara tun 2018. Kamfanin Toyota kuma ya fitar da Hilux mai bolt 48 a shekara ta 2024. Kowa ya san Hilux a wannan ƙasa, kuma sabuwar motar wasu ƙasashe ita ce ke isowa nan bayan ƴan shekaru a matsayin ta hannu. Gara a san halinta tun yanzu.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne wannan: suna tsammani tun da akwai babban batir, ƙaramin ba shi da sauran aiki. Ba haka ba ne. Ƙaramin mai bolt 12 shina nan. Shi ke tada kwamfutar mota, shi ke riƙe fitilu da makullan ƙofa. In ya mutu, ko babban cike shi ke, mota ba ta motsi. Kamar rumbu ne cike da hatsi, amma tsanin hawa ya karye.

Kuma wannan mota tana ɓoye ciwonta. Da rana, in inji ya mutu a tsaye, babban batir ne ke tada shi sumul, sai direba shi ɗauka komi lafiya. Don haka a saurari tashin farko na safe. A lura kuma in mota ta daina kashe kanta a tsaye kamar yadda ta saba, ko agogonta shina ɓata lokaci, ko fitilun gargaɗi suna kamawa barkatai. Duk waɗannan dalili ne na a je a auna ƙaramin batir.

Tsohuwar mota in ta ƙi tashi, sai a kira samarin gari su tura. Hilux mai bolt 48 da kanta ta ke canza giya, kuma irin wannan ba ta tashi da turi, ko gari duka ya taru. Batirin da za a sa mata shi zama irin wanda kamfani ya rubuta a littafin mota. Da yawa daga cikin motocin da ke kashe kansu suna son batir mai rubutun AGM ko EFB a jikinshi. In an sa na arha, ba shi daɗewa. Shi kuwa babban mai bolt 48, ba a taɓa shi, sai wanda ya koyi aikin.

Ranar canji

Dabara ita ce a canza batir a gareji, ba a daji ba. Wanda batirinshi ya shiga shekara ta ukku, shi auna shi da kaka, lokacin da kuɗɗin wake su ke hannu, kafin sanyi shi sauka. Ran da anka saya, a rubuta wata da shekara da fenti a jikin akwatin, a aje takardar saye. A tambayi mai kanti ranar da anka ƙera shi, domin batirin da ya shekara kan kanta cikin zafi ya riga ya fara tsufa. Manyan motoci masu batir biyu a jere, masu bolt 24, a canza su tare, don tsohon shina jan sabon ƙasa.

Wajen cirewa, a fara da kan da ke da alamar ragi (-). Wajen ɗaurawa, shi ne na ƙarshe. Kada a kusanto da taba ko ashana, domin batir shina fitar da iska mai kama wuta. In irin mai murafu ne, ruwa ya ragu, a ƙara tataccen ruwan da a ke saidawa don batir. Ruwan rijiya, ko ya yi garau a ido, shina da gishiri da kanwa masu lalata faifaye.

Saura tsohon batir. A ƙauye ba a yar da shi: wani shi kunna fitila, wani shi caja waya, wani shi fasa don shi fidda dalma. Nan ne hatsari. A Tiyaroy, kusa da Dakar a ƙasar Sanagal, mutane sun daɗe suna fasa tsofaffin batura a cikin unguwa, har ƙasar wurin ta cika da garin dalma. Tsakanin Nuwamba 2007 da Maris 2008 yara ƙanana 18 sunka rasu saboda wannan guba. Dalma ba ta wari, ba ta ɗaci, kuma ta fi illa ga ƙwaƙwalwar yaro da mace mai ciki. Tsohon batir kada shi kwana ɗaki ɗaya da yara ko da hatsi, kada a zubar da ruwanshi kusa da rijiya ko inda awaki ke kiwo. A maida shi ga mai saida batura ko mai sayen tsofaffin ƙarafa, a rufe, a tsaye, kuma wanda ya ɗauke shi shi wanke hannu da sabulu kafin shi sa a ƙwarya.