Ɗan tunkiya mai hawaye: ku duba fatar idonshi tun ranar haifuwa

Zancenmu na yau a kan ido ne, musamman fatar da ke rufe shi da gashin da ke bakinta.

Bari in fara da abin da na gani. Wata yarinya ta kawo mini ɗan mussa cikin kwali. Uwar ta mutu, yarinyar ce ke ba shi nonon akuya, don gidansu su samu mai tsare rumbu daga kusu. Idonshi na dama kullum a rufe, hawaye sun jiƙa kunci. An yi ta sa mishi magani, a banza. Da na buɗe idon sai na iske fatar ƙasa ta naɗe ciki, gashi yana gugar ƙwayar ido duk sa'ad da ya ƙifta. Muka riƙa sa mishi man ido har ya yi ƙwarin ɗaukar allurar barci, sannan likita ya yanke ƴar fata siririya ƙarƙashin idon, ya ɗinke. Ya warke, amma ɗan farin tabo ya rage, don an daɗe ba a gane ba.

To, abin da ya sa na kawo labarin ga shi ne, wannan matsala tana cikin garkenku. An fi ganinta ga ƴan tumaki sabbin haifuwa, wani lokaci da ƴan awaki. Da ita ake haifuwarsu, ido guda ko duka biyu, kuma galibi fatar ƙasa ce. Duk wanda ya san tsohon da amodari ya juya ma gashin ido ciki, ya san irin azabar.

Yaya za ku gane? Tun kwana 1 zuwa 3 za ku ga kuncin ɗan tunkiya a jiƙe, yana runtse ido, yana gudun rana. In an ƙyale shi, ƙwayar idon ta yi hazo, ta yi gyambo, hakiya ta fito, daga nan sai makanta. Wanda ba ya gani ba ya iske hantsar uwa, sai rama. Ko ya rayu, kun san rago mai ido guda ba ya layya, kuma dillali ba zai raga muku ba a kasuwa.

Kada ku haɗa ta da ciwon idon da ƙuda da ƙura ke yaɗawa. Shi wancan yana kama manya da ƙanana, yana bin garke. Ku duba kuma ko ƙaiƙayi ko ƙarangiya ce ta shiga. Bakin fatar ido shi zai gaya muku gaskiya: in ba ku ganin bakin, ya shige ciki, to naɗewa ce.

Ga abin yi. Na farko, ku wanke hannu da sabuni, ku riƙe ɗan tunkiya tsakanin gwiwoyinku, ku share hawayen da tsumma mai tsabta. Ku aza babban yatsa ƙarƙashin idon, ku ja fatar ƙasa sannu har bakinta ya fito waje, ku ɗan matse ta tsakanin yatsu biyu. A maimaita sau 3 ko 4 a yini. Da yawa wannan kaɗai ya ishe su in an fara da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, a sa man ido na tetarasikilin, a ajiye shi inuwa tare da uwar. Kada ku sayi kowane maganin ido a tebur. Akwai masu kortizon a ciki, in ido yana da gyambo suna iya ɓata shi ɗungum. Gishiri, sukari, garin taba, toka, kanwa, duk ku bar su. Lalas a gefen ido ma ba ya maida fata wurinta.

Na uku, in kwana 2 sun wuce fatar tana komawa, ko idon ya fara fari, ku kawo shi gidan likitan dabbobi. Mukan yi allura kamar mililita 1 cikin fatar ƙasa, ta kumbura ta tura bakin waje. In bai yi ba, a kama fatar da ɗinki, ko a yanke kaɗan kamar yadda aka yi ma ɗan mussa. Don Allah kada kowa ya gwada da reza ko allurar gida. Motsi guda na dabba, ido ya tafi.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi wuyar karɓa. Abin nan ana gadonshi. Ɗan ragon da aka gyara ma ido, ku yi mishi shaida, ku turke shi don nama ko sayarwa, amma kada ya yi barbara. In kun lura ƴaƴan rago guda ne ke ta fitowa haka, ku sake rago, komin kyanshi.

Saboda haka duk ranar da tunkiya ta haifu, bayan kun ga ɗan ya sha dakashi kun duba cibiya, ku duba idanu biyu. Ku gaya ma mata da yara, don su ne kusa da ƙananan bisashe. Allah ya sa albarka ga kiwonmu. Mai tambaya, bisimilla.