Addu'a Ba Cinikin Kara Ba Ce

 

Duk wanda ya taɓa shiga karar Wudil ranar Juma'a ya san yadda ake cinikin sa. Mai saye ya taya, mai shi ya ce albarka, dillali ya ja wannan gefe ya ja wancan, har a sallama. To, da yawanmu haka muke tsayawa gaban Ubangiji. Na yi azumin kwana uku, na ba da baiko, na kwana a coci, saura biyan buƙata. In buƙata ba ta biya ba, sai a fara neman mai laifi. Mace ta shekara goma ba haihuwa, ko magidanci ya kwanta ciwo, sai ka ji ana raɗa: bangaskiyarsa ce ta yi rauni, ko akwai zunubin da bai furta ba. Wannan magana ta fi ciwon kansa ciwo, kuma magabatan Kirista da suka ƙware a harkar addu'a ba haka suka koyar ba.

Mu fara daga gida. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya duƙufa kan sha'anin Annabi Isa, har aka kira mabiyansa Isawa. Bayan an kashe shi suka watse, wasu suka nufi ƙasar Ningi. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka iske Dakta Walter Miller, ɗan mishan, a Zariya, daga baya aka kafa musu ƙauye a Gimi. Mutane ne da suka bar dangi da gonaki saboda abin da suka gaskata. Me ya same su? Cikin 'yan shekaru ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya yi musu ɓarna mai yawa, har wurin ya watse. Waɗanda suka tsira suna cikin waɗanda suka zauna a Wusasa, inda mishan ta koma a 1929. Wa zai buɗe baki ya ce mutanen Gimi rashin bangaskiya ne ya kashe su? Tsando ba ya tambayar addinin wanda zai ciza.

Yanzu mu haura Masar, hamadar da ake kira Wadi Natrun, inda masu zuhudu suka yi ta shiga halwa tun ƙarni na 4. Cikinsu akwai wani baƙar fata irinmu, Abba Musa. Bawa ne da aka kora saboda sata, ya zama shugaban 'yan fashi, daga baya ya tuba ya zauna cikinsu. Wata rana aka kira taro don a hukunta wani ɗan'uwa da ya yi laifi. Musa ya ƙi zuwa. Da aka matsa masa, sai ya cika ɓulallen kwando da yashi, ya saɓa a baya, ya taho yashin na zuba. Aka tambaye shi dalili, ya nuna musu cewa nasa zunuban na tsiyaya a bayansa bai ko gan su ba, amma ga shi an kira shi shari'ar wani. Taron ya watse, aka yafe wa mai laifin. Ku lura fa, bai tsaya yin wa'azi ba, kuma bai ce laifin ba laifi ba ne. Tawali'u a wurinsa shi ne mutum ya san nauyin kayansa kafin ya auna na wani. Wajen shekara ta 405 mahara suka faɗa wa wurin, ya ƙi gudu, ya ƙi ɗaukar makami, aka kashe shi.

Sai Ishaku na Nineba, haifaffen yankin Ƙatar a ƙarni na 7. An naɗa shi bishop, bayan wata biyar ya ajiye muƙamin ya koma duwatsu. A wannan zamani da ake kai ruwa rana kan kujerar dattijon coci, wannan kaɗai abin tsayawa a duba ne. Ishaku ya koyar da cewa addu'a takan fara da magana, amma in ta nuna sai baki ya yi shiru, rai ya natsu a gaban Mahalicci. Alamar addu'ar da ta kama mutum, a ganinsa, ita ce zuciyarsa ta cika da tausayin kowace halitta, har dabbobi, har maƙiyansa. Shi kansa a ƙarshen rayuwarsa idanunsa sun tafi.

Kada wani ya ce na hana roƙo. A roƙa, har da kuka. Kada kuma a ce na hana zuwa asibiti. Mai zazzaɓi ya je a auna jininsa, wahalar da ke da magani ba a zauna mata da sunan haƙuri. Abin da nake ja da shi shi ne auna addu'a da ƙarar lasifika, da auna mutum da abin da ya same shi.

Saboda haka, in kun je duba marar lafiya a wannan mako, ku bar binciken laifinsa. Ku tafi da kunu ko ɗan abin sayen magani, ku zauna kusa da shi, in ya so a karanta masa Zabura a karanta. In kuma barci ya ɗauke shi, ku taya mai jinya wankin kwanuka kafin ku tafi.