Kashi na Yau: Ƙwallo Za Ta Iya Biya Maka Kuɗin Jami'a?



Wani ƙanenmu daga Birnin Gwari ya turo saƙo. Ya ce wani mutum ya yi masa alkawarin gurbin karatu kyauta a Amurka saboda ya iya ƙwallo, amma sai ya fara turo kuɗi. Har gida sun fara maganar sayar da sa. Ƙanena, dakata tukuna, a bar san nan a turke.

Bari mu fara da ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wato hoki, don a nan tsarin ya fi fitowa fili. A Amurka da Kanada yaro ɗan shekara 16 zuwa 20 yana buga gasar matasa, irin su USHL. Kocin jami'a ne ke zuwa ya kalle shi. In ya yi masa, jami'a ta ɗauke masa kuɗin makaranta, wani lokaci har da ɗaki da abinci. Shekara da shekaru, kafin 2025, ƙungiyar maza a rukunin farko tana da tallafi 18 ne kacal, 'yan wasa kuwa sun haura 20. Dole aka riƙa gutsuttsurawa, wani ya samu cikakke, wani rabi. Kuma sau da yawa na shekara ɗaya ne, ana sabuntawa.

Hukumar da ke kula da wannan ita ce NCAA, rukuninta uku. Na farko da na biyu suna ba da tallafin wasa, na uku ba ya bayarwa sam.

Za ka ce, mu ina muka ga ƙanƙara a Birnin Gwari? Gaskiya ne. Amma ƙofar ɗaya ce ga ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando da tsere. Ta nan Hakeem Olajuwon ya bi zuwa Jami'ar Houston a 1980. Tobi Amusan ta tafi jami'ar Texas da ke El Paso a 2016, sai ga ta da tarihin duniya a 2022.

To ga inda gizo ke saƙar. Kafin ƙafarka, takardarka ake fara dubawa: sakamakon sakandare, WAEC ko NECO, da makin da ya kai. Sannan akwai agogo. Ɗan hoki an ɗaga masa ƙafa har ya cika 21. Ɗan ƙwallon ƙafa kuwa, a rukunin farko, shekara ɗaya gare shi bayan gama sakandare. In ya wuce yana buga gasa, shekarunsa na wasa a jami'a sun fara zaizayewa.

Mun san abin da 'yan bindiga suka yi wa karatu a yankinmu, yara nawa suka yi shekaru a gida. Tun sulhun ƙarshen 2024 kasuwar shanu ta dawo. Kai ma ka koma aji.

Don haka: ka gama sakandare, kada ka taɓa shekarun haihuwarka, ka sa a ɗauki bidiyon wasanka, ka rubuta wa kocin da kanka ta adireshin da ke shafin jami'ar. Bizar Amurka ma ta ƙara wuya ga 'yan Najeriya. Koci ba ya sayar da gurbi. Duk wanda ya ce kawo kuɗi ga tabbas, ka tambaye shi sunan jami'ar da na kocin, ka ga yadda zai fara kame-kame.

Ku tura wa ɗan ƙwallon unguwarku. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.