Wa Zai Karantar da Malaman 'Ya'yanmu?

 

'Yan uwa matasa, sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma. Amma kuma jami'o'inta da kwalejojinta ne ke yaye malaman darasin addinin Musulunci, su ke ba su takardar shiga aji. Har a Jamus haka abin yake, inda a 2011 aka kafa cibiyar nazarin Musulunci a jami'ar Tubingen domin horar da irin waɗannan malamai.

To, mene ne abin yi? Mu dubi Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya rubuta Ida'un Nusukh, ya jero malamansa da littattafan da ya karanta a wurinsu, tun daga mahaifinsa, da yayansa Shehu Usmanu, har Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ya yi haka ne don a san inda ya ɗebo ilminsa. Takardar digiri kuwa ba ta faɗin gaban wa ka durƙusa.

Saboda haka kada ku guji boko. Ga Jami'ar Tarayya nan Kalgo tun 2013, ga kwalejin horar da malamai ta Adamu Augie a Argungu. In kun bar kujerar aji, wani zai hau ta, ya koya wa ƙannenku abin da ya ga dama. Ku nemi takarda da rana, ku durƙusa a zaure da dare, ku sauke Ahalari da Iziyya da Risala a gaban malami.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani.