Amsar Wasiƙunku: Mene Ne Kiril?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sayar da busasshen kifi a Yawuri. Ya ce ya ji labarin wai dabbar da ta fi kowace girma a duniya da wani ɗan ƙwaro take rayuwa, shin gaskiya ne?

To Malam, gaskiya ne. Sunan abin kiril, kalmar kuwa daga harshen mutanen Nowe ta fito. Kamarsa ɗaya da jatan lande, kuma akwai irinsa sama da 80 a tekunan duniya. Wanda ya fi shahara shi ne na tekun Antatika, can ƙarshen kudancin duniya inda ƙanƙara ta rufe ko'ina. Tsawonsa bai wuce santimita 6 ba, wato kamar ɗan yatsanka, yakan kuma yi shekara 5 zuwa 6 a raye.

Amma fa raina kama ka ga gayya. Tafiyarsu irin ta fara ce, dubbai a wuri guda, har ruwan ya koma ja. Masana sun ƙiyasta nauyin na Antatika kaɗai ya haura tan miliyan 300. Da rana sai su nutsa ƙasa su ɓuya, da dare su taso su ci ƙananan tsirran da ke yawo a saman ruwa. In hunturu ya yi, gansakukar da ke manne ƙarƙashin ƙanƙara ita ce abincin ƙananansu.

Ita kuwa babbar dabbar da ka tambaya, shuɗin wel, takan haɗiye tan 4 ko fiye na kiril a rana. Kifaye da tsuntsayen fengwin su ma da shi suka dogara.

Ga inda gizo ke saƙa. Jiragen ruwa, musamman na Nowe da Sin, suna kama shi don haɗa abincin kifin kiwo da tatsar mai. An ƙayyade tan 620,000 a shekara, amma a 2025 aka cika adadin tun watan Agusta, dole aka rufe kamun, abin da ba a taɓa yi ba. Ga kuma ɗumamar yanayi tana rage ƙanƙarar da ƙananan ke fakewa a ƙarƙashinta.

Malam, kai ka sani, in aka kwashe 'ya'yan kifi a Kogin Kwara da raga mai ƙananan ido, baɗi kowa zai ji a jikinsa. Haka abin yake a teku.